Abin da Maƙala Ba Ta Ɗauka: Tarukan Kimiyyar Haske da Horar da Sababbin Masu Bincike

Fotoniks, wato reshen kimiyya da fasaha da ke nazarin yadda ake samar da haske, a sarrafa shi, a aika shi nesa, a kuma auna shi, ya samo sunansa ne daga foton, ƙwayar haske mafi ƙanƙanta, kamar yadda fasahar lantarki ta zamani ta ginu a kan ƙwayar da ake kira elektron. Daga wannan fanni ne aka sami leza, na'urar da ke fitar da haske mai launi guda wanda ke tafiya a tsuke ba ya bazuwa, da zaren gilashi mai kaurin gashin kai wanda ke ɗauke da saƙonnin intanet a ƙarƙashin teku, da ƙananan fitilun LED, da na'urar da likita ke duba bayan ƙwayar ido da ita ba tare da ya taɓa idon ba. Fanni ne da jami'a da masana'anta suke cuɗanya a cikinsa fiye da yadda aka saba gani a yawancin rassan fiziks, shi ya sa manyan tarukansa na shekara-shekara suka ɗauki siffa ta musamman: a gefe guda zauren gabatar da maƙalu, a ɗaya gefen kasuwar baje kolin kayan aiki, a tsakaninsu kuma wani sashe mai ƙara faɗi, wanda aka keɓe domin horar da ɗalibai da sababbin masu bincike da haɗa su da waɗanda suka riga su. Wannan sashe na uku shi ne abin dubawa a nan, domin idan har maƙalun da ake gabatarwa za a buga su kowa ya karanta a ɗakinsa, ya kamata a san abin da ɗalibi yake samu a wurin taron wanda ya kai a biya masa kuɗin jirgi da masauki, a kuma san wanda ke samun wannan abin da wanda ba ya samu.

Ƙungiyoyi uku ne suka fi riƙe akalar waɗannan taruka. Mafi tsufa ita ce Optica, wadda aka kafa a 1916 a Rochester, birnin kamfanonin kyamara da tabarau a jihar New York ta Amurka, ta kuma shafe fiye da shekara 100 ana kiranta OSA kafin ta sauya suna a 2021; sai SPIE, wadda injiniyoyin na'urorin ɗaukar hoto suka kafa a 1955; sai kuma reshen fotoniks na IEEE, babbar ƙungiyar injiniyoyin lantarki. SPIE ce ke shirya Photonics West a San Francisco a farkon kowace shekara, taron da ke tara mutum fiye da 20,000 da kamfanoni fiye da 1,000, yayin da Optica da IEEE suke haɗa hannu a kan OFC, taron sadarwa ta zaren gilashi wanda aka fara a 1975, da kuma CLEO, taron leza da aka fara a 1981. A Turai kuwa birnin Munich na Jamus yana karɓar baje kolin leza tun 1973, shekara bibbiyu, tare da tarukan ilimi da ke gudana a gefensa. Duk wanda ya buɗe jadawalin ɗaya daga cikin waɗannan zai tarar da cewa, ban da maƙalu, akwai gajerun kwasa-kwasai na rabin yini ko yini guda, da tarukan bita a kan rubuta maƙala da neman tallafin bincike, da dandalin neman aiki, da walimar rana inda ake zaunar da ɗalibai teburi ɗaya da manyan masana, da gasar masu son kafa kamfani.

Hujja mafi ƙarfi da ke bayan wannan tsari ta fito ne daga wani bincike da aka yi a kan leza ita kanta. A ƙarshen shekarun 1960 Jacques Beaulieu, masani a cibiyar binciken tsaro ta Valcartier a Kanada, ya ƙera wata leza mai aiki da iskar kabon dayoksaid a matsin iska na yau da kullum, wadda aka sani da TEA, kuma da labarinta ya bazu sai ɗakunan gwaje-gwaje da dama a Birtaniya da Arewacin Amurka suka tashi haiƙan domin ƙera irinta. Harry Collins, masanin halayyar zamantakewa ɗan Birtaniya, ya bi diddigin waɗannan ɗakuna, ya kuma buga sakamakonsa a 1974, inda ya nuna cewa a cikin waɗanda ya nazarta babu wanda ya iya ƙera lezar da ta yi aiki ta hanyar dogaro da abin da aka buga kaɗai. Duk waɗanda suka dace sai da suka ziyarci ɗakin da ke da leza mai aiki, ko suka yi ta magana da mai ita ta wayar tarho, ko suka ɗauko mutumin da ya taɓa aiki a can. Wanda kuwa bai taɓa ƙera ta da hannunsa ba, ko da ya gani ya kuma ji bayani, bai iya zama tsani ga wani ba. Akwai gasa da 'yar rowar ilimi a tsakanin ɗakunan, amma ba su kaɗai suka jawo haka ba, domin sau da yawa su kansu maƙeran ba su san wane ɓangare na aikinsu ne ya sa na'urar ta kama ba. Misali shi ne gajartar wayoyin da ke haɗa ma'ajin caji da sandunan da ke sakin lantarki cikin iskar, abin da mai shi yake yi bisa sabo ba tare da ya ga dalilin nanata shi a rubuce ba, shi kuwa mai kwaikwayo ya tsawaita nasa, ya yi ta neman abin da ya hana lezarsa tashi.

Irin wannan sani shi ne Michael Polanyi, masanin kemistiri da ya koma falsafa, ya kira ɓoyayyen ilimi, yana nufin abin da ke hannu da ido wanda baki ba ya iya zayyana shi duka. Masu sana'ar gargajiya sun san shi ba tare da sunan ba, domin maƙeri ba ya iya rubuta wa ɗan koyo irin jan da ƙarfe zai yi kafin a ciro shi daga wuta, sai dai ya tsaya a kansa har idonsa ya saba. Ɗakin gwajin haske cike yake da irin wannan. Saita madubai biyu har haske ya riƙa kai-komo a tsakaninsu ba tare da ya kauce ba, goge gilashi ba tare da an karce rufin da aka shafa masa ba, gane cewa rawar da ake gani a ma'auni daga iskar na'urar sanyaya ɗaki take, yanke zaren gilashi da haɗa bakinsa da na wani alhali cibiyar da haske ke bi a cikinsa ba ta wuce kimanin maikiromita 9 ba, wato ƙasa da kashi 1 cikin 100 na milimita, duk abubuwa ne da mujalla ba ta ba su gurbi, kuma su ne ke cinye watannin ɗalibin digiri na uku. Haka nan mujalla ba kasafai take buga abin da aka gwada bai yi ba, don haka labarin hanyoyin da suka toshe, wanda zai iya tsirar da wani daga asarar shekara, a baki yake yawo, a wurin shan shayi tsakanin zama da zama.

Idan aka auna shirye-shiryen horarwa da wannan ma'auni, za a ga ba darajarsu ɗaya ba. Gajeren kwas da malami zai tsaya ya yi ta nuna hotuna na awa huɗu yana da amfaninsa, musamman ga wanda ya shigo fannin daga wani fanni, kamar likita da ke son fahimtar na'urar ɗaukar hoton da yake aiki da ita, amma abin da yake bayarwa bai yi nisa da abin da littafi mai kyau zai bayar ba, ga shi kuma yawanci kuɗinsa daban yake da na rajistar taro. Bitar da ake taɓa kaya da hannu ta fi shi nesa ba kusa ba, irin zaman da ake yi a OFC inda ɗalibai da injiniyoyi ke buɗe kwamfutocinsu su koya wa juna rubuta manhajar sarrafa na'urorin awo. Zauren baje koli kuwa, wanda wasu ɗalibai ke ɗauka wurin tattara biro da jaka ne kawai, makaranta ce da ba a cika ba ta haƙƙinta ba, domin a rumfunan akwai injiniyoyin da suka ƙera na'urar, waɗanda suka ga yadda ta lalace a hannun masu saye da yawa, kuma sukan faɗi a baki abin da takardar talla ba za ta faɗa ba game da iyakar ƙarfinta.

Sai dai ilimin baki yana da nasa haɗarin, tarihin leza kuma ya adana misali mai kyau. A watan Satumba na 1959 Charles Townes ya jagoranci taron farko na wannan fanni a wani masauki mai suna Shawanga Lodge a jihar New York, inda kusan duk masu tseren ƙera leza suka hallara, har da Nikolai Basov da Aleksandr Prokhorov daga Tarayyar Sobiyet. A wurin ne Arthur Schawlow, wanda maganarsa ke da nauyi ƙwarai a lokacin, ya bayyana cewa yaƙutu mai ruwan hoda ba zai dace da aikin ba, kuma akwai wani awo da aka buga wanda ya nuna cewa dutsen ba ya mayar da hasken da ya sha sai ɗan kaɗan, don haka mutane da yawa suka juya masa baya. Theodore Maiman na ɗakin binciken kamfanin Hughes a Kalifoniya yana cikin mahalarta, amma da ya koma sai ya sake awon da kansa, ya tarar da cewa adadin da aka buga ya yi ƙasa ƙwarai da gaskiya, kuma a ranar 16 ga Mayu 1960 lezar farko a duniya ta haska a hannunsa, da yaƙutun da aka raina. Taron ya amfane shi ta hanya biyu, domin ya sanar da shi inda kowa ya dosa, ya kuma nuna masa gurbin da aka bari. Wannan ne ɓangaren da shirye-shiryen horarwa suka fi sakaci da shi, saboda ana koya wa ɗalibi yadda zai kusanci babban masani, ba a cika koya masa yadda zai saurare shi ya kuma koma ya gwada maganarsa ba.

Gabatar da aiki shi ma sana'a ce da ake koya. CLEO tana neman tsakure na kalma 35 da taƙaitaccen bayani na shafi 2, OFC kuma shafi 3, wanda aka karɓi aikinsa kuma yawanci minti 15 yake da shi har da tambayoyi, don haka dole ya koyi zaɓen abu guda da zai faɗa daga aikin shekara biyu. Akwai kuma maƙalun bayan wa'adi, wato sakamako masu zafi da ake karɓa bayan an rufe karɓar sauran, waɗanda ake tacewa sosai kuma zaurensu yake cika maƙil. Ɗalibai da yawa suna jin an rage musu daraja idan aka ba su fosta, wato babban allon takarda da mutum ke tsayawa a gabansa yana bayani ga duk wanda ya tsaya, maimakon jawabi a kan mumbari. Wannan kuskuren fahimta ne, domin mai jawabi yakan sami tambaya biyu ko uku daga nesa kafin shugaban zama ya katse, shi kuwa mai fosta yana da awa ɗaya ko biyu na muhawara ido da ido, inda wanda ya taɓa faɗawa ramin da yake shirin faɗawa zai iya ɗaukar biro ya zana masa mafita a gefen takardarsa. Aikin ɗalibi a wannan fanni ba abin rainawa ba ne: Donna Strickland tana ɗalibar digiri na uku a Jami'ar Rochester lokacin da ita da malaminta Gérard Mourou suka buga, a 1985, dabarar ƙara ƙarfin gajerun walƙiyoyin leza wadda ta kai su ga kyautar Nobel a 2018, kuma ita ce maƙalarta ta farko.

Batun ƙulla sanayya shi ne aka fi yi wa kallon raini, domin a kunnen wasu yana kama da fadanci ko neman alfarma. Binciken zamantakewa ya nuna abin ya fi haka zurfi. A 1973 Mark Granovetter ya bayyana cewa, a cikin ma'aikatan da ya tambaya a wata unguwa kusa da Boston waɗanda suka sami aiki ta hanyar wani, mafi yawansu ba ta hannun aminai suka ji labarin aikin ba, ta hannun waɗanda suke gani jifa-jifa ne, dalili kuwa shi ne aminin mutum yawanci abin da ya sani shi ma ya sani, mai sanin shanu ne ke kawo labari daga wani zagaye. Babban taro masana'antar irin wannan sanayya ce. An kuma sami damar auna tasirinsa a wani fanni daban, lokacin da guguwar Isaac ta tilasta soke taron shekara na masana kimiyyar siyasa na Amurka a New Orleans a 2012, bayan an riga an fitar da jadawali. Masana tattalin arziki da suka kwatanta waɗanda ke cikin jadawalin da takwarorinsu na shekarun da taron ya gudana sun gano cewa an rage ambaton maƙalunsu, sun kuma rage ƙulla sabon aikin haɗin gwiwa. Babu dalilin zaton fotoniks za ta bambanta, sai ma dai abin ya fi tsanani, tunda a nan ɗaki guda ba kasafai yake mallakar duk abin da gwaji ke buƙata ba: wani ne ke shuka kiristal ɗin, wani ke da ɗakin da babu ƙura inda ake sassaƙa shi, wani kuma ke da lezar da za a auna shi da ita.

Matsalar ita ce sanayya ba ta rabuwa daidai. Robert Merton ya yi bayani a 1968 a kan yadda suna ke jawo suna a kimiyya, wanda aka riga aka sani ya ƙara samun yabo, wanda ba a sani ba kuma a tsallake shi ko da aikinsu ɗaya. A wurin taro wannan a fili yake, domin ɗalibin fitaccen farfesa malaminsa ne ke kama hannunsa ya gabatar da shi, da ɗan gari kuwa akan ci gari, shi kuma wanda ya zo shi kaɗai daga jami'ar da ba a taɓa jin sunanta ba yakan gama kwana biyar bai yi magana da kowa ba sai mai miƙa masa shayi. Mafi yawan abin da ake kira shirin bunƙasa sana'a ƙoƙari ne na mayar da wannan gata tsari wanda kowa zai iya shiga. Rassan ɗalibai da Optica da SPIE suke da su a jami'o'in nahiyoyi daban-daban suna samun ɗan tallafin shekara, da damar gayyato malami daga waje a kan kuɗin ƙungiya, da kuma taimakon tafiya ga shugabanninsu zuwa bitar jagoranci da ake yi daf da babban taro, wadda babbar fa'idarta ita ce ɗalibi ya shiga zauren washegari yana da fuskoki da dama da ya riga ya sani. Ka'idojin hana cin zarafi da ƙungiyoyin suka shimfiɗa, da tallafin kula da iyali da SPIE ke bayarwa ga masu ƙananan yara, su ma daga wannan tunani suka fito, ganin cewa mata har yanzu 'yan tsiraru ne a fannin. Ƙananan taruka irin na Gordon, waɗanda asalinsu ya koma 1931, sun bi wata hanya dabam: ana taƙaita mahalarta, a ci abinci tare, a bar la'asar ba jadawali, a kuma haramta naɗa ko ambaton abin da aka faɗa, domin mutane su saki jiki su kawo aikin da bai nuna ba.

Kusancin fannin da masana'anta da kuma harkar tsaro ya sa akwai darasin da ɗalibin fotoniks yake buƙata wanda takwaransa na lissafi ba ya buƙata, wato sanin abin da ba a faɗa. A dokar Turai duk ƙirƙirar da aka bayyana a bainar jama'a, ko da a fosta ne, ta rasa sabuntar da ake buƙata kafin a ba ta takardar mallakar fasaha, Amurka kuwa tana ba mai ƙirƙira rangwamen shekara guda, don haka jawabin minti 15 na iya salwantar da haƙƙin da aka yi shekaru ana nema idan ba a riga an shigar da takarda ba. A watan Agusta na 1982 ma'aikatar tsaron Amurka ta sa aka janye maƙalu fiye da 100 daga taron SPIE a San Diego, bisa tsoron kada masana daga ɓangaren Sobiyet su amfana, kuma ƙorafin da ya biyo baya yana cikin abin da ya kai ga umarnin fadar shugaban ƙasa na 1985 wanda ya ce a bar binciken asali a buɗe gwargwadon iko. Dokokin hana fitar da wasu fasahohi suna nan har yau, leza da na'urorin gani a duhu kuma suna cikin fannonin da ke iya sa a tsawaita binciken mai neman bizar Amurka, wani lokaci har taron ya wuce.

A nan ne tambayar wanda ke samu take ƙara nauyi. Manyan tarukan kusan duka a Amurka da Turai da Gabashin Asiya ake yin su, a biranen da kwanan otal ɗaya ke iya lashe wani babban kaso na albashin malamin jami'a a Afirka ta Yamma, ga rajista ta ɗaruruwan daloli, ga kuɗin neman bizar Amurka dala 185 wanda ba a mayarwa ko an hana. A Nijeriya asusun TETFund yana da tanadin halartar taruka, amma na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, ɗalibi zalla ba ya ciki, faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 kuma ta ƙara nisan tafiyar. Wannan giɓi ne 'yan damfara suke cikewa da tarukan bogi masu sunaye masu kama da na gaske, waɗanda ke karɓar kowace maƙala muddin an biya, har wata kotun tarayya a Amurka ta yanke wa kamfanin OMICS biyan fiye da dala miliyan 50 a 2019 saboda yaudarar masu bincike ta mujallu da taruka. Abin da wanda ya faɗa hannunsu yake dawowa da shi takardar shaidar halarta ce kawai, wadda wataƙila ta yi amfani a fayil ɗin ƙarin girma, amma babu ko ɗaya daga cikin abubuwan da aka zayyana a sama a tare da ita.

Annobar korona ta gwada wata mafita ba shiri. A watan Mayu na 2020 an gudanar da CLEO gaba ɗaya ta intanet kuma kyauta, mutum kusan 20,000 suka yi rajista, ninkin-ba-ninkin adadin da aka saba gani, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa mafarkin halarta ba. Jawabai sun isa ko'ina, sun ma fi sauƙin bi tunda ana iya maimaita su, amma zaman fosta da hirar bayan zama da zagayen rumfuna ba su rayu a kan allo ba, kuma da aka buɗe iyakoki tarukan sun koma zaurukansu. Abin da intanet ta iya ɗauka shi ne ɓangaren da dama ana iya rubutawa.

Saboda haka tsarin da ya fi dacewa da mai bincike na nesa ba lallai ne ya zama babban taron ba. Cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964, domin kada masanan ƙasashe masu tasowa su zaɓi tsakanin barin gida da barin kimiyya, tana gudanar da makarantar hunturu a kan kimiyyar haske, yawanci mako biyu a watan Fabrairu, ba kuɗin rajista, tare da tallafin tafiya ga wasu daga cikin waɗanda aka zaɓa, kuma mako biyu a masauki ɗaya da malamai yana ƙulla abin da kwana biyar a cikin dubban mutane ba ya ƙullawa. Da goyon bayan wannan cibiya aka kafa ƙungiyar LAM ta masanan leza na Afirka a Dakar a 1991 ƙarƙashin Ahmadou Wagué na Jami'ar Cheikh Anta Diop, a 2003 kuma aka kafa Cibiyar Leza ta Afirka, wadda hukumar bincike ta CSIR a Pretoria ke riƙe da ita, domin masu bincike daga sauran ƙasashen nahiyar su sami shiga ɗakunan da ke da kayan aiki. A wannan hukuma ce Sandile Ngcobo, yana ɗalibin digiri na uku tare da Andrew Forbes, ya nuna lezar dijital a 2013, wadda ake sauya siffar haskenta daga kwamfuta ba tare da an taɓa madubi ba. Shirin ALOP na UNESCO, wanda ya fara a 2004, yana horar da malaman fiziks su koyar da haske ta gwaji da kaya masu araha.

Misalin da ya fi kusa da darasin Collins shi ne na AFSIN, haɗakar masu binciken ɗaukar hoto da launukan haske daban-daban wadda Jérémie Zoueu na Kodebuwa ya jagoranta, da tallafin shirin kimiyya na Jami'ar Uppsala da haɗin gwiwar masana daga Jami'ar Lund ta Suwidin. A bitocinta mahalarta daga ƙasashe irin su Ghana da Mali da Senegal da Kenya sun haɗa madubin likita mai haskawa da fitilun LED masu launuka da yawa, kowace tawaga da hannunta, suka gwada shi tare, sa'annan kowa ya koma gida da nasa, inda aka yi amfani da shi wajen nazarin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jini ba tare da an rina samfurin ba. Wanda ya haɗa na'ura da kansa ya san yadda zai gyara ta idan ta tsaya, ya san kuma takwarorinsa a wasu ƙasashe masu irinta sak waɗanda zai tuntuɓa, wato horo da kayan aiki da sanayya sun zo a ƙunshi ɗaya. Buƙatar irin waɗannan hannaye a yankin ba ta ɓoyu ba, domin wayoyin gilashi na ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1, da suka fara aiki a 2010, da Equiano da ta sauka Legas a 2022, su ne ke ɗauke da sadarwar yankin, kuma yankewar wasu wayoyin a gaɓar Kodebuwa a ranar 14 ga Maris 2024 ta durƙusar da intanet a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma lokaci guda.

Babban taro yana da ranarsa, ranar kuwa ita ce lokacin da mai bincike yake da sakamakon da zai tsaya a gabansa ya kare, yake kuma da sunayen mutum uku ko huɗu da ya riga ya rubuta wa ya nemi ganawa da su. Kafin wannan lokaci, sashen jami'a da ke da kuɗin tafiya ɗaya tak a shekara zai fi cin riba idan ya tura ɗalibinsa makarantar mako biyu ko bitar da ake taɓa kaya da hannu, ya kuma ɗora masa sharaɗin ya dawo ya maimaita gwajin a gaban 'yan'uwansa ɗalibai.